Daga Bakin Allo: Me Ya Sa Ake Son 'Yan Rakiya Fiye Da Jarumi?

A wannan wata za mu ɗan leƙa gidan kallo ne. Duk mai yara a gida ya san finafinan nan na sadaukan Amurka, wato irin su Batman da Spider-Man da Captain America, mutanen da ke shawagi a sama ko su ɗaga mota da hannu ɗaya. Yaranmu na kallonsu a talabijin da wayar hannu, kuma da zarar an gama sai musu ya kaure a ƙofar gida. To, abin lura shi ne ba kasafai ake yin musun nan a kan jarumin fim ba, don kuwa kowa ya san shi zai yi nasara. Inda ake ta da jijiyar wuya shi ne a kan mutanen da ke gefensa, kamar baransa, ko abokinsa, ko dogarinsa, ko ƙanensa da ya bijire. Waɗannan su ne zan kira 'yan rakiya. Wannan ya ce wance ta kyauta, wancan ya ce ai cin amana ta yi, har a tashi baram-baram.

Kada a ɗauka yaranmu ne kaɗai ke da wannan hali. A can Amurka inda ake shirya finafinan, son 'yan rakiya ya kai har yana juya akalar kamfanoni. Akwai wani jami'in leƙen asiri mai suna Phil Coulson da aka fara gani a fim ɗin Iron Man na shekarar 2008. Mutum ne mai kwat da taye, ba shi da wani ƙarfi na musamman, kuma ko a mujallun zane da ake ɗauko labaran babu shi, don fim ɗin aka ƙirƙiro shi. Da aka kashe shi a The Avengers na 2012, sai 'yan kallo suka ce ba su san zancen ba, suka cika intanet da kururuwar cewa Coulson na nan da ransa. A 2013 sai ga kamfanin Marvel ya dawo da shi a wani shirin talabijin mai dogon zango, Agents of S.H.I.E.L.D., wanda aka yi ta nunawa har zango bakwai, bai ƙare ba sai a 2020. Haka kuma Loki, ƙanen Thor na riƙo, wanda da farko mugu aka sa shi ya fito. A watan Yuli na 2013 ɗan wasan Ingila Tom Hiddleston ya hau dandamali da shigar Loki a wani babban taron masoya finafinai a birnin San Diego, dubban mutane suka yi ta kiran sunan Loki kamar an ga sarki. A 2021 shi ma aka yi masa shiri nasa na kansa.

Tun kafin finafinan ma abin yana nan. A 1988 kamfanin DC ya ba masu karanta mujallar Batman lambobin tarho biyu, ya ce su zaɓa ko a kashe Robin, yaron Batman na lokacin mai suna Jason Todd, ko a bar shi. Kira 5,343 aka yi na a kashe, 5,271 na a bari, wato da ratar ƙuri'a 72 yaron ya mutu. Kowane kira kuwa sai da mai yinsa ya biya kuɗi. Mutum ba ya kashe kuɗinsa a kan abin da bai dame shi ba.

To, mene ne sirrin? Dalili na farko na kasuwa ne. Jarumi shi ne jarin kamfani, kuma ɗan kasuwa ba ya wasa da uwar kuɗi. An kashe Superman a fim ɗin 2016, a 2017 aka tashe shi. Iron Man sai da ya shekara 11 yana kawo riba kafin aka yarda ya mutu a Avengers: Endgame na 2019. Saboda haka mai kallo ya san komai wuya jarumi zai kai labari, hankalinsa a kwance yake. Ɗan rakiya kuwa ba shi da wannan kariya. Yana iya mutuwa a tsakiyar fim, yana iya rasa aikinsa ko mutuncinsa, don haka idan ya yanke shawara mai kallo ya san akwai abin da zai biya.

Dalili na biyu shi ne wanda ya fi jan hankalina. Ɗan rakiya a matsayinmu yake tsaye. Mafi yawanmu ba sarakuna ba ne, ma'aikata ne da yaran shago da direbobi da mataimaka, akwai wani a samanmu da muke karɓar umarni daga gare shi. Ba a taɓa kiranmu mu ceci duniya ba, amma an sha sa mu a tsaka mai wuya: maigida ya kauce hanya, shin a bi shi ko a faɗa masa gaskiya? Aboki ya yi laifi, a rufa masa asiri ko a tona? Masu rubuta finafinan nan sun san jarumi ba zai iya ɗaukar irin waɗannan tambayoyi da yawa ba tare da farin jininsa ya ragu ba, sai suka ɗora su a wuyan na gefe.

Bari mu ɗauki Black Panther na 2018, wanda Ryan Coogler ya ba da umarni, don shi ne yaranmu suka fi sani. Labarin wata ƙasa ce ta almara a Afirka mai suna Wakanda. Sabon sarki T'Challa bai daɗe da hawa karaga ba sai ga ɗan baffansa, Killmonger, ya zo daga Amurka ya ƙalubalance shi bisa al'adar ƙasar, suka yi fito-na-fito, ya kayar da shi ya jefa shi ƙasan magangarar ruwa. Kowa ya ɗauka T'Challa ya mutu. A nan ne fim ɗin ya ajiye jarumi gefe na ɗan lokaci, ya bar mu da mata biyu. Ɗaya ita ce Nakia, 'yar leƙen asiri, wadda ta ce wannan sabon sarki azzalumi ne, a gudu a nemi hanyar tumɓuke shi. Ɗayar ita ce Okoye, shugabar dakarun mata masu tsaron sarki, wadda ke ƙaunar T'Challa har cikin ranta, amma ta ƙi bin Nakia. Hujjarta ita ce ta yi rantsuwa ne ga karagar mulki, ko wane ne ya zauna a kai, kuma mutumin nan ta hanyar da al'ada ta yarda ya hau.

Wace ce ke da gaskiya a cikinsu? Kowace tana da abin kamawa. Idan kowane soja zai juya wa gwamnati baya duk ranar da shugaba bai yi masa ba, to ƙasa ba za ta zauna ba, kuma mu da ke yammacin Afirka da tsakiyarta ba sai an ba mu labarin juyin mulki ba. Idan kuma kowane ma'aikaci zai ce shi umarni kawai yake bi, to azzalumi ba zai taɓa rasa hannun da zai yi masa aiki ba. Abin da ya sa Okoye ta shiga ran mutane shi ne an nuna tana kuka lokacin da take faɗin matsayinta, wato biyayyar ba daɗi take yi mata ba. Sa'an nan ba ta juya ba sai da ta sami hujja daga cikin ita al'adar da ta rantse a kai. T'Challa ya dawo da ransa, bai mutu ba kuma bai miƙa wuya ba, saboda haka gasar ba ta ƙare ba, amma Killmonger ya ƙi mutunta wannan ƙa'ida. Sai a lokacin ta ɗaga mashinta a kansa. Daga baya ta tsaya gaban mijinta W'Kabi, wanda ya bi Killmonger, ta nuna masa a shirye take ta soke shi saboda Wakanda, shi kuwa ya ajiye makaminsa.

A cikin wannan fim akwai kuma M'Baku, shugaban ƙabilar Jabari ta kan duwatsu, wanda tun farko shi ma ya nemi sarautar T'Challa ya sha kaye, amma T'Challa ya bar shi da ransa. Da Nakia da uwar sarki suka gudo wurinsa, sai suka miƙa masa tsiron nan mai ba da ƙarfin sarauta don ya yaƙi Killmonger. Ga abin da ya daɗe yana nema an kawo masa har gida, kuma babu wanda ya san T'Challa na kwance a hannun mutanensa cikin ƙanƙara, da sauran numfashi. Da ya yi shiru ya karɓa, ba mai tuhumarsa. Sai ya kai su inda T'Challa yake, ya ce rai ne ya biya da rai. Mintunan da M'Baku ya yi a fim ɗin ba su da yawa, amma har yau ana ambatonsa. Kuma kada mu manta da abin da Nakia ta yi tun a farkon fim, a wurin da aka nuna a matsayin dajin Sambisa na Nijeriya. T'Challa ya far wa 'yan bindigar da suka sato mata, har ya kai kan na ƙarshe, sai Nakia ta tare shi ta ce wannan yaro ne, shi ma sato shi aka yi. Jarumi ya ga bindiga, ita kuwa ta ga yaron da ke riƙe da ita.

Fim na biyu da ya kamata a duba shi ne The Dark Knight na 2008, wanda Christopher Nolan ya shirya. Batman na neman wani ɗan ta'adda da ake kira Joker ruwa a jallo, har ya haɗa wata na'ura da ke mayar da kowace wayar hannu a birnin Gotham kunne da ido, wato yana iya leƙen kowa a ɗakinsa. Mutumin da ke ƙera masa kayan aiki, dattijo Lucius Fox, wanda Morgan Freeman ya fito a matsayinsa, ya dube shi ya ce wannan iko ya yi wa mutum ɗaya yawa. Ya yarda zai taimaka sau ɗaya tak saboda rayukan da ke cikin haɗari, amma ya ce muddin na'urar na nan to shi ya ajiye aiki. Fox bai yi zagi ba, bai kuma je ya tona asirin maigidansa ba. Ya faɗi gaskiya a gaban idonsa, ya sa aikinsa a kan faranti. A ƙarshe aka lalata na'urar.

Sai dai wasu 'yan rakiya biyu a fim ɗin sun bi wata hanya dabam. Alfred, tsohon baran gidan da ya reni Batman tun yana maraya, ya ƙone wata wasiƙa da budurwar da Batman ke so ta bari kafin ta mutu, inda ta ce wani za ta aura. Ya yi haka ne don kada ya ƙara masa baƙin ciki. Shi kuma kwamishinan 'yan sanda Gordon ya yarda a ɓoye kashe-kashen da lauyan gwamnati Harvey Dent ya yi bayan ya zauce, a ɗora laifin a kan Batman, wai don kada mutanen gari su yanke ƙauna daga masu gaskiya. Duka biyun da kyakkyawar niyya suka yi, kuma mai kallo yana fita yana jinjina musu. Amma Nolan bai bar maganar a nan ba. A fim na gaba, The Dark Knight Rises na 2012, an nuna bayan shekara 8 Batman ya kulle kansa a gida yana makokin macen da ya ɗauka shi take jira, har Alfred ya fito ya faɗi gaskiya, zamansu ya ƙare a ranar. Ƙaryar Gordon kuwa abokin gaba ne ya karanta ta a bainar jama'a, ya yi amfani da ita ya buɗe gidan yari. Hausawa dai sun riga sun faɗa, ramin ƙarya ƙurarre ne.

Akwai wani wuri a The Dark Knight da ko sunan mai shi ba a ambata ba. Joker ya dasa bam a jiragen fito biyu, ɗaya cike da mutanen gari, ɗaya cike da fursunoni, ya ba kowane jirgi makunnin bam ɗin ɗayan, ya ce duk wanda ya riga tashin ɗan'uwansa zai tsira, in kuwa sha biyun dare ta yi ba wanda ya danna, zai tashi duka biyun. Mutanen gari suka kaɗa ƙuri'a, mafi rinjaye suka ce a tashi fursunoni, amma aka rasa wanda zai iya dannawa. A ɗaya jirgin wani ƙaton fursuna mai ban tsoro ya matso ya ce wa jami'in gidan yari ya ba shi makunnin. Kowa ya ɗauka dannawa zai yi, sai ya wurga shi cikin ruwa ta taga ya koma ya zauna. A wannan daren Batman ya kama Joker da ƙarfin damtse, amma wanda ya ƙaryata da'awar Joker cewa kowa mugu ne in wuya ta yi wuya, fursunan nan ne.

To amma fa, jama'a, akwai inda gizo ke saƙa. An ce so hana ganin laifi. Son da ake yi wa 'yan rakiya yakan wuce gona da iri har ya koma wanke mai laifi. A Captain America: Civil War na 2016 an nuna Bucky, abokin Captain America tun yarinta, shi ne ya kashe iyayen Iron Man a 1991, amma a lokacin wata muguwar ƙungiya ta juya masa ƙwaƙwalwa, ba ya cikin hayyacinsa. Wannan ana iya yi masa uzuri, ko da yake shi kansa bai wanke kansa ba, kuma Captain America da ya san labarin ya ɓoye wa Iron Man bai kyauta ba. Amma ina uzurin Loki? Gaskiya ne ya tashi yana ganin an fifita wansa, daga baya ya gano ma ba ɗan gidan ba ne, tsintarsa aka yi. Sai dai a The Avengers an faɗa ƙarara cewa ya kashe mutum 80 cikin kwana biyu, kuma shi ne ya soke Coulson ɗin nan da ake kuka a kansa. Masoya da yawa suna son Coulson suna kuma son wanda ya kashe shi, ba su ga wani abu a ciki ba, saboda Loki na da ban dariya da iya magana.

Maganar Killmonger ta fi wannan nauyi, musamman a wurinmu. Ubansa ƙanen sarki ne da aka tura Amurka, sarki ya kashe shi da hannunsa a birnin Oakland a 1992, aka bar yaron shi kaɗai don a rufe maganar. Ya girma a wata ƙasa yana jin labarin garin ubansa daga nesa, da ya zo kuma aka dube shi a matsayin baƙo. Duk yaron da aka haifa a zango, wanda a makaranta ake ce masa ɗan wata ƙasa, in ya je garin kakanninsa kuma a yi wa Hausarsa dariya, ba sai an yi masa bayanin wannan ciwo ba. Shi ya sa bayan fitowar fim ɗin aka yi ta yaɗa cewa Killmonger ne mai gaskiya. Ƙorafinsa kam gaskiya ne, shi kansa T'Challa ya amince an zalunce shi, ya kuma canza manufar ƙasar saboda shi, har ya buɗe cibiyar taimako a unguwar da aka bar yaron. Amma wannan mutumin ne ya harbe budurwarsa da ta zame masa cikas, ya shaƙe wuyan tsohuwa mai kula da lambun tsiron sarauta, ya sa aka ƙone lambun don kada a yi wani sarki bayansa. Mutum na iya zama wanda aka zalunta kuma ya zama azzalumi, ɗaya ba ya goge ɗaya. Yaron da bai iya raba tausayi da goyon baya ba, shi ne gobe wani mai zaƙin baki zai taɓo masa inda ke masa ciwo ya ja shi inda bai yi tsammani ba.

Abin sha'awa, amsar wannan tana cikin Civil War, daga bakin T'Challa lokacin da shi ma ɗan rakiya ne, kafin a yi masa fim nasa. An kashe ubansa a harin bam, ya yi ta farautar Bucky don ɗaukar fansa, sai daga baya ya gano wani mutum ne mai suna Zemo ya kitsa abin, kuma shi ma Zemo fansar matarsa da ɗansa da ubansa yake ɗauka. T'Challa ya same shi shi kaɗai, yana da ikon gamawa da shi, amma ya ga yadda ramuwa ta cinye mutumin nan tana kuma cinye sauran. Bai kashe shi ba, bai kuma sake shi ba. Ya hana shi harbe kansa, ya miƙa shi ga hukuma. Ya tausaya masa, amma tausayin bai hana shari'a ba.

Saboda haka shawarata ga iyaye da 'yan'uwana malamai ita ce kada mu tsaya kan cewa finafinan nan shirme ne kurum. Akwai shirme a ciki, akwai duka da fashe-fashe da ba su dace da ƙananan yara ba, kuma wajibi ne a duba shekarun da aka rubuta a jikin fim a kuma ƙayyade lokacin kallo. Amma tun da manyan yaran suna kallo ko mun so ko mun ƙi, to mu ci moriyar abin. Kada ka tambayi ɗanka wa ya yi nasara, wannan ko bai kalla ba ya sani. Tambaye shi wa ya fi so ban da jarumi, kuma don me. Idan ya ce Okoye, ka ce masa in shi ne, yaushe zai daina yi wa maigida biyayya? Idan ya ce Alfred, ka tambaye shi ko akwai ƙaryar da ta halatta don a faranta wa wani rai, kuma wa zai biya in ta fito. Idan ya ce Killmonger, to ka gyara zama ka saurare shi da kyau kafin ka yi faɗa, don mai yiwuwa ba maganar fim yake yi maka ba, abin da ya same shi a makaranta ko a kan hanya yake faɗa maka. In ya gama, sai ka tuna masa da budurwar nan da tsohuwar lambu, ka ji me zai ce.

Kaɗan ne cikin yaranmu za su zama shugabanni. Galibinsu za su zama akawu da malaman jinya da 'yan sanda da yaran 'yan kasuwa, kuma wata rana wani na sama zai miƙo musu takarda ya ce su sa hannu a kan abin da suka san ba daidai ba ne. Gara a ce sun taɓa juya irin wannan tambaya a ransu tun suna zaune a tabarma gaban iyayensu.

Masu son tofa albarkacin bakinsu suna iya rubuto wa edita, musamman matasa, ku gaya mana ɗan rakiyar da kuka fi so da dalilinku.